Bencin Ƙarshe

Shafi na 14

Waɗanda suka cika min waya da saƙo, ku yi haƙuri, takardun ɗalibaina ne suka riƙe ni kwana biyu. Wanda kuma yau ya fara shigowa, ya sami wuri ya zauna, ba zai ɓata ba.

Su biyu ne a bencin ƙarshe na aji biyu, kuma tsawo ne ya kai su can. Haka tsarin makarantar yake. Ranar farko ta kowane zango sai a jera 'yan aji a jikin bango, gajeru su yi gaba, dogaye su yi baya, babu roƙo babu musaya.

Ta farkon Shinshina ake ce mata, domin in tana karatu sai ta kai littafi har bakin hancinta kamar mai son jin ko ya lalace. Shekararta goma sha uku. Bara a benci na biyu take, kuma ita ta zo ta uku a ajinsu. Hutu guda ta yi a gida ta miƙe kamar rake, da aka dawo aka gwada ta da bango aka tura ta baya. Daga can allo ya zame mata baƙin bango mai ɗan farin hayaƙi a jiki. Mutum ɗaya kaɗai ta gaya wa, ita ma sai da ta sa ta ta rantse.

Wannan mutum ɗayan ita ce Rediyo. Ita idonta ras, ko alli ne ya faɗi bayan teburin malami za ta hango shi. Abin da ba ta samu ba shi ne birkin baki. Gargaɗi biyu ne a fayil ɗinta, duka na surutu, kuma kowa ya san na uku akwati ne da bokiti a bakin ƙofa.

Sati bakwai suka yi a haka. Malami na rubutu a allo, Rediyo na karanta wa ƙawarta ƙasa-ƙasa. Wani lokaci har ta ƙara da, "Masu sauraro, ga ci gaban labarai daga allo."

Jiya asiri ya tashi tonuwa. Injin buga takardun gwaji ya lalace, sai Malamar Lissafi ta rubuta tambayoyi goma a allo ta wuce ajin gaba. Mataimakiyar Shugaba da kanta ta zo tsaron ajin. Ba damar raɗa. Rediyo ta ga ƙawarta ta yi minti ashirin ba ta rubuta komai ba sai sunanta, sai ta yagi gefen takarda ta yi rubutu ta tura mata ta ƙarƙashin benci.

Takardar ba ta isa ba. A hannun Mataimakiya ta sauka.

Yau ga su a bencin jira na ƙofar ofis. Kowa yana aji, ana jiyo 'yan aji ɗaya suna bin malami da baki. Akwatin ƙarfen Rediyo yana gefe, an kife bokiti a kai, katifarta a naɗe an ɗaure da igiyar shanya.

"Wa ya ce ki haɗa kaya?" Shinshina ta tambaya.

"Mai kula da ɗaki. Ta ce gara in haɗa da hannuna, kar a haɗa min a rage cokali." Rediyo ta taɓa bokitin da ƙafa. "Wannan ma ba nawa ba ne, tsintarsa na yi. In za a kore ni, ai gara in tafi da riba."

Babu wadda ta yi dariya.

"Me za ki ce musu?"

"Abin da na ce jiya."

"Jiya ba ki ce komai ba."

"To shi zan maimaita. Kin san wahalar da na sha kuwa? Har yanzu harshena ciwo yake."

"Goggonki za ta zo?"

"An kira ta. Ta ce in an kore ni a sa ni a mota, na san hanya. Ta ce dama wanki ya taru. Ta ce makaranta ta ƙare ke nan, ba za ta sake neman wata ba."

Shinshina ta damƙe makullin durowarta da ke rataye a wuyanta.

"Ki faɗa musu kawai," ta ce, tana addu'a a ranta kada ta yarda.

Rediyo ta dube ta.

"Na rantse miki. Maganar taki ce. In kin so ki faɗa, in kin so ki bari."

Ƙofa ta buɗe.

"Ku shigo."

Mataimakiya ta yi shekara ashirin da biyu a makarantar, ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba. Da ma tana faɗa, da abin ya fi sauƙi. Daga inda Shinshina ta tsaya ba ta ganin fuskarta, sai dai farin gyale da hannu mai motsi a kan tebur. A gefen taga kuma Malamar Lissafi ce zaune, ita ce malamar ajinsu, ta rungume wasu littattafai a cinya.

"Takarda biyu ce a gabana," in ji Mataimakiya. "Ɗaya ta gargaɗi ce, ta farko, ta wadda aka miƙa wa. Ɗaya ta sallama ce, ta wadda ta miƙa. Na sa hannu a duka, hatimi kawai ya rage. Kafin in buga, ina son in ji daga bakinku. Wa ya yi rubutun nan?"

"Ni ce, Malama," in ji Rediyo.

"Wa ya sa ki?"

"Ba kowa."

"Don me kika yi?"

Shiru.

"Ke da aka kawo min sau biyu don kin kasa yin shiru, yau ce ranar da kika koya?"

Rediyo ta sunkuyar da kai.

"Ke fa?" Farin gyalen ya juyo wajen Shinshina. "Kin roƙe ta?"

"A'a, Malama."

"Kin san za ta ba ki?"

"A'a, Malama."

Duka gaskiya ne, amma Shinshina ta ji su a bakinta da ɗaci kamar ƙarya.

Mataimakiya ta jawo durowa. Aka ji ƙarar murfin tawada.

"Ranki ya daɗe," Malamar Lissafi ta ce a hankali, "ko zan iya ganin takardar da aka kama?"

Aka miƙa mata. Ta gyara tabarau ta duba gaba, ta juya ta duba baya.

"Tambayoyi ne."

"Na gani."

"Tambaya ta ɗaya zuwa ta shida, yadda na rubuta su a allo. Da manyan baƙi. Babu amsa ko guda."

"Na kama ta kafin ta kai ga amsar."

"Mai yiwuwa ne. Sai dai wannan," ta nuna Shinshina, "tamanin da takwas ta ci a gwajin da ya wuce. Wannan kuma goma sha tara. Ban taɓa ganin an je satar ruwa a busasshiyar rijiya ba."

"Ashirin da ɗaya ne, Malama," Rediyo ta ce kafin ta tuna. Ta yi maza ta toshe bakinta da hannu.

"Ashirin da ɗaya. Ki gafarce ni."

Malamar ta buɗe ɗaya daga littattafan da ke cinyarta. Shinshina ba ta buƙatar gani, ta san nata ne daga ƙarar bangonsa da ta manne da gam.

"Da safe na sake duba littafinki. Duk maganar da na rubuta a allo tana ciki, ba ki bar kalma ba. Amma zane babu. Da'ira babu, kusurwa babu, tun farkon zango. Sau huɗu na rubuta miki da jan biro, ina zane? Na ɗauka ƙiwa ce." Ta rufe littafin. "Yau na tambayi kaina, wane irin ɗalibi ne yake samun magana ba ya samun zane? Sai na tuna magana ana iya raɗa ta a kunne. Zane ba ya raɗuwa."

Malamar ta juyo wajen Shinshina.

"'Yata, ɗago kanki. Ga agogo can a bango, saman kan Mataimakiya. Ƙarfe nawa?"

Ta ɗago. Ta ga wani farin abu zagayayye, shi ke nan. Amma ta saba. Sati bakwai tana rayuwa da lissafi irin wannan. An kaɗa ƙararrawar darasi na biyu suna bakin ƙofa, kuma sun yi kamar minti goma a ciki.

"Tara da minti ashirin, Malama."

Ta ji Rediyo ta ja numfashi.

"Agogon nan," in ji Mataimakiya, kalma ɗaya bayan ɗaya, "tun bara ya tsaya a ƙarfe huɗu da minti goma."

Shinshina ta sauke idonta daga bangon.

"Ban duba da kyau ba ne, Malama."

"To duba da kyau."

"Hasken taga ne."

"An saki labule a wannan gefen."

"Kaina ne yake ciwo tun jiya."

"'Yata," in ji Malamar Lissafi.

"Wallahi ina gani. Ina gani, Malama. Ina ganin komai."

Mataimakiya ta jawo takardar sallama gabanta.

"Malama, abin da kika kawo zato ne, kuma ina girmama shi. Amma yarinyar ta ce tana gani, har da rantsuwa. In tana gani, takardar nan ta satar amsa ce. Ni ba zan yi hukunci da abin da mai shi ya musa ba."

Ta ɗauki hatimi ta danna shi a kan tawada.

A nan sai in ɗan dakata da ku, don kada wani ya yi saurin zagin yarinyar nan.

Mahaifinta direban babbar mota ne, shekara goma sha tara yana kan titi. Tana 'yar shekara tara ya fara tambayarta a asirce, "Uwata, me aka rubuta a allon titin can?" Shi haka yake kiranta. Wata shida suna ɓoye raunin idonsa su biyu. Ranar da ya kasa, ya je da ƙafarsa ya gaya wa maigidansa gaskiya, ya tafi da ita tana riƙe da hannunsa. Tana tsaye maigidan ya miƙo tafin hannu, bai ce komai ba, Baba ya zaro makullin motar daga aljihu ya ɗora masa. Tun daga ranar bai sake fita aiki ba, kuma kafin shekara ta zagayo hasken ya ɗauke gaba ɗaya.

Ita ke karanta masa takardar magani, ita ke gaya masa wanda ya yi sallama. Ranar da za ta taho makarantar kwana ya shafa kanta ya ce, "Je ki, Uwata. Allah ya karɓi nawa ya bar min naki. Ke ce idon gidan nan."

Abin da yarinyar ta koya tana shekara tara ke nan: wanda ya ce ba ya gani, makullinsa ake karɓa.

Hatimin ya tashi daga kan tawada. Shinshina ba ta ganin fuskar Rediyo, amma tana jin ta. Wani ɗan sauti ne yake fita daga maƙogwaronta, irin na wanda ya cika baki da magana ya hana ta fita. Rediyo, wadda ko a layin wanka ba ta iya shiru, ga ta tana kallon ana rufe mata makaranta, kuma kalma uku kacal za su cece ta, ta ƙi faɗa.

"Malama."

Hatimin ya tsaya a sama.

"Ba na gani."

"Ɗaga murya."

"Ba na ganin allo. Tun da aka mayar da ni baya. Ita ke karanta min. Ni na sa ta rantse. Jiya tambayoyin ta rubuto min don in sami abin amsawa. Ba ta yi komai ba. Don Allah kar a kore ta, goggonta ba za ta sake sa ta a wata ba."

Rediyo ta fashe da kuka, kuma tare da kukan duk maganar kwana guda ta ɓalle.

"Na gaya mata tun sati na biyu ta faɗa, Malama, na ce mata wuyana ya gaji da leƙe, ta ce in na faɗa ba ni ba ita, ranar nan har ta gaida bishiyar bakin ɗakin cin abinci ta ɗauka mai gadi ne..."

"Ya isa," in ji Mataimakiya. Ta ajiye hatimin a gefe.

Shinshina ta kai hannu wuyanta. Ta cire igiyar makullin ta saman kanta, har igiyar ta maƙale a kunnenta. Ta matsa gaban teburin ta ajiye makullin durowarta a kai, ta koma baya ta tsaya.

"Mene ne wannan?"

"Makullin ne, Malama. Littattafan makaranta duk suna ciki, ban ɓatar da ko ɗaya ba."

"Wa ya ce ki kawo makulli?"

"Haka aka yi wa Babana."

Ta ba su labarin a gutsure, rabi magana rabi shessheƙa. Da ta gama sai Malamar Lissafi ta tashi, ta ɗauki makullin, ta mayar mata da shi wuya da hannunta, ta gyara mata wuyan riga.

"Ni ba likita ba ce, ba zan ce miki ga abin da ke idonki ba. Sai an kai ki an duba. Amma ina da shekara goma sha biyu na daina ganin allo, kuma ga ni yau ni ke rubutu a kansa." Ta cire tabaraunta. "Ba awonki ba ne, zai iya sa ki jiri. Gwada dai."

Ta ɗora mata a hanci.

Shinshina ta rufe ido don tsoro. Sannan ta buɗe.

Agogon ya fito, da lambobinsa, da hannayensa biyu a tsaye a huɗu da minti goma, har da ƙurar da ta kwanta a samansa. Mataimakiya ashe tsohuwa ce mai ɗan tabo a haɓa, kuma idonta ya yi ja. Rediyo ta yi kaca-kaca da hawaye da majina.

"Haka kike?" Shinshina ta ce.

"Da yaya kika ɗauka nake?"

"Na ɗauka kin fi haka kyau."

Malamar Lissafi ta juya baya tana tari. Ko Mataimakiya sai da gefen bakinta ya motsa, kafin ta haɗa takardun biyu ta ɗora hannu a kai.

"Ban yaga su ba tukuna. Maganar da ta kai ga sallama ba a rufe ta sai a gaban uba ko mai riƙo, kuma dalilin da ya soke ta sai an faɗe shi a gabansa an rubuta. Abin da kika gaya min za ki maimaita shi mahaifinki yana ji. Kina gamawa zan yaga ta ƙawarki."

Dariyar ta daskare a fuskar Shinshina.

"Malama, don Allah ban da Baba. A gaya wa kowa, a faɗa a taron safe, ban da shi."

"Jiya da rana aka kira gidanku."

"Ba zai iya zuwa ba. Ba ya tafiya mai nisa. Shekara uku bai shiga mota ba, ya ce ba zai zauna a baya wani yana tuƙi ba."

Shinshina ta lura Rediyo ta daina kuka, ta ƙura wa ɗaya tagar ido, wadda ba a saki labulenta ba. Bakinta a buɗe, amma babu abin da ya fito.

Shinshina ta juya.

Da jiya ne, da babu abin da za ta gani sai inuwa biyu a tsakiyar fili. Yau ta ga komai. Ta ga Innarta da gyalenta na fita, tana riƙe da gwiwar hannun wani dogon mutum. Ta ga sandar tana taɓa ƙasa, dama, hagu. Ya sa rigarsa ta aiki, wadda take rataye a ƙusa tun ranar makulli, ta yi masa yawa a kafaɗa, kuma ya saɓa maɓalli ɗaya. Ta ga furfurar da ba ta san ya yi ba. Ta ga yana tafe yana ɗaga haɓa, yadda yake yi in zai shiga wurin da yake sa ran za a wulaƙanta shi.

Sandar ta hau matakalar baranda. Ta bugi bokitin Rediyo, ya yi ƙara.

"Assalamu alaikum." Muryar ta shigo tun kafin shi. "An ce 'yata ta saci amsa. Na zo in gaya muku ba ta buƙata. Yarinyar da Allah ya ba ido da kai, me za ta sata?" Ya ɗan saurara, yana juya fuska. "Uwata, kina nan?"

Tabaraun yana kan hancinta. Hannun Mataimakiya yana kan takardar Rediyo.

A nan yarinyar ta gane cewa duk shirun da ta yi na sati bakwai bai hana Baba jin komai ba, ya dai sa sai ya shiga mota ya zo ya ji daga bakinta a gaban mutane.